Injin da Aka Hana Shan Mai

Shekara goma sha ɗaya na yi a Aubervilliers, gefen Paris, ina kwance injina, ban haɗa ko ɗaya ba. Aikin ke nan: a kawo motar da ta gama kwananta a titunan Faransa, mu zare injin, mu tsiyaye mai, mu rubuta masa lamba da fenti, mu tura shi cikin kwantena ya tafi Kwatano. Can wani zai ɗora shi a mota, ya tayar, a yi masa sannu da aiki. A Damagaram ni ne wannan wanin. Tun daga Tanut ake jawo mota a kawo mini, kuma in na ce ta mutu, mai ita ba ya zuwa wani wuri neman ƙarin bayani. A nan kuwa duk garejin da na shiga neman aiki tambaya ɗaya ce: ina takardarka? Ba takardar zama ba, wannan ina da ita. Takardar makarantar kanikanci suke nufi. Sai in nuna musu hannuwana, su yi murmushi su ce za su kira ni. Abin yana ci mini rai ƙwarai, har na kai in an tambaye ni sana'ata sai in ce dako nake yi, don in riga mutum faɗa.

Wata rana maigidanmu ya aike ni Lyon in kwaso wasu injina da ya saya a Bron, wata unguwa a gefen birnin. Ina tsaye ina jiran a ɗora kaya, sai na ji wata ƙara daga garejin da ke maƙwabtaka, irin wadda ban taɓa ji ba duk shekaruna cikin mota, kamar ƙudan zuma sun cika tulu. Ban san lokacin da na shiga ba. Mai garejin wani Bafaranshe ne gajere mai furfura, wanda magana ke yi wa wuya. Ya gan ni na ƙura wa wani inji ido a kan tebur, a buɗe, bai kore ni ba.

Rotari ake ce masa, ƙirar Japan. Ba shi da fistin ko ɗaya. A cikinsa akwai wani ɗaki mai siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu, a cikin ɗakin kuma wani ƙarfe mai kusurwa uku yana ta juyawa. A kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke gogar bango, shi ke riƙe ƙarfin injin gaba ɗaya. Saboda wannan gogar, da gangan aka yi injin ya riƙa shan baƙin mai kaɗan-kaɗan: akwai ɗan famfo da siraran tiyo huɗu da ke ɗiga mai a ciki, ya ƙone tare da fetur. Mai garejin ya nuna mini wannan da yatsa, ya ce in ka hana shi mai ka kashe shi. Ya kuma nuna mini ƙofofin da iska ke shiga, waɗanda suke faɗaɗawa da hannu don injin ya ƙara ƙarfi. Na ɗauki ɗaya daga cikin farantan ƙarfen da ƙofofin ke jiki, na bi bakin ƙofar da farcena, na ce masa nan gefen bai kai ɗan'uwansa santsi ba. Ya karɓa, ya duba, ya dube ni.

Ya tambaye ni inda na koyi aiki, na gaya masa. Sannan ya ce ma'aikacinsa zai ajiye aiki a ƙarshen bazarar baɗi.

"Takarda ba ta dame ni ba," in ji shi. "Ka haɗa guda da hannunka, ka faɗaɗa masa ƙofofi, ka tuƙo shi daga Paris zuwa nan. Zan auna. In ya yi, ga teburinka can."

Na haura shekara arba'in a lokacin. Na san sarai ba wanda zai sake yi mini irin wannan magana a ƙasar nan.

Gangar jikin motar ban sha wuyar samunta ba. A wani filin matattun motoci kusa da wurin aikinmu na same ta, fara, mai ƙofa biyu, ta girmi babbar 'yata, injinta ya daɗe da mutuwa. Sauran kayan ne suka sa na zauna da biro. Na yanki kwali na raba shi gida uku: na dole, na in da hali, da na mafarki. Turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, shi ya fara shiga gidan mafarki, bai kuwa taɓa fitowa ba. A gidan dole akwai wani injin na hannu da zan buɗe in gyara, da sababbin ƙarafan kusurwa, da robobin da ke tare ruwa, da kuloci, da lagireto babba saboda irin wannan inji zafi gare shi, da ɗan injin gurza mai baki kamar na likitan haƙori. Da na tara, sai na ga abin ya fi ƙarfin wata goma sha biyar ɗin da nake da su. Na sake tarawa ko na yi kuskure, ya ƙaru.

Matata ta duba kwalin ta ce, "To, Malam injiniya. Tukunya dai da abin da ake aika wa Inna, kar in ga hannunka a kai. Sauran kai da motarka."

Haka aka yi. Na daina sayen abincin rana a waje, na daina sabon takalmi, na karɓi aikin kowace Asabar da aka samu. Duk wata sai in koma kan kwalin in ga abin da zan soke. A cikin abubuwan da na soke har da wani da mai garejin ya faɗa mini a waya: in riƙa zuba ɗan man babur a cikin fetur, ko da famfon nan zai yi wasa wata rana. Shi ne mafi araha a duk jerin, ba kuɗinsa ya dame ni ba. Girman kai ne. Na ce ni da na wanke famfon da hannuna na gwada shi, zan tsaya a gidan mai ina gauraya kamar mai tsohuwar mobilet, ɗan babur ɗin nan? Na ja masa layi.

Wurin aiki kuma Baba ne ya ba ni. Baba mutumin Maradi ne, tsohon bakanike, ya kai shekara saba'in. Rabin kanikawan da na sani a gida ko shi ya koya musu ko wanda ya koya wa. Yana da ɗan gareji na haya a bayan dogayen gidajen Beaudottes a Sevran, inda yake ajiye kayan aikinsa da ya daina amfani da su amma ya ƙi rabuwa da su. Da na je masa da maganar, bai bari na gama ba ya ciro makulli ɗaya ya ba ni, ya riƙe ɗaya. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Duk Lahadi in na sauka daga jirgi na iso, zan tarar ya riga ni, ya kafa kujerarsa a bakin ƙofa da butar shayi, ya ce, "Yaro, ka makara." Furfura ta fara fito mini a gemu, amma a wurinsa yaro ne ni.

Faɗaɗa ƙofofin nan shi ne aikin da ya fi kowane ba ni tsoro a rayuwata. Mai garejin ya aiko mini da zanen takarda ta gidan waya, a ɗora a kan farantin ƙarfe a zana, a gurje abin da ke cikin layi. Matsalar ita ce dab da layin akwai kwarmin da robar ruwa ke kwanciya. In hannunka ya zarce da kaurin gashi, farantin ya zama na 'yan gwangwan. Na fara koyo a kan farantan mataccen injin, na lalata biyu, ɗaya har bakin gurzar ya yi tsalle ya yi masa zane kamar tsagar fuska. Da na zo kan na gaske, Lahadi huɗu na yi a kan ƙofa ɗaya. In gurza kaɗan, in hure, in shafa da yatsa, in ajiye in fita in sha iska. Baba yana kallo yana kurɓar shayi, wani lokaci ya ce, "A hankali dai," wani lokaci ya taso ya riƙe mini fitila ba tare da na roƙa ba. Ranar da na gama ta ƙarshe, ya sa yatsansa a ciki ya zagaya, ya ce, "Hannunka na nan." Na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a akwati, don idona ya kawo ruwa.

Abu ɗaya ne bai taɓa kwanta masa ba. Ran da nake mayar da siraran tiyon nan, ya tambaye ni ina suke kai mai. Na ce cikin injin, inda wuta take, haka aka yi shi.

"Mi? Mai shi shiga inda wuta take?" Ya girgiza kai. "Duk injin da ka shan mai ba shi da lahiya, ko wa ya ƙera shi."

Na yi dariya na ce haka ne, Baba. Me zan ce? Mutumin da ya yi shekara hamsin yana warkar da motoci daga shan mai, ba ni zan zaunar da shi in karanta masa darasi a cikin garejinsa ba. Na bar maganar a nan, na ɗauka ta wuce.

Wajen tsakiyar bazara muka ɗora injin a mota. Ya ƙi tashi sau uku, a na huɗu ya kama da wannan ƙarar da na ji a Bron, har maƙwabta suka leƙo ta taga. Wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita ta salansa, kamar yadda ya kamata. Ni ina tsalle kamar ƙaramin yaro, Baba kuwa yana tsugune a bayan motar yana shinshina hayaƙin. Na fara rodaj, wato tafiya da sabon inji a hankali har sassansa su saba da juna. Duk bayan kwana biyu in zaro sandar awon mai in ga ya ɗan sauka, in ƙara. Duk ƙarin da na yi, a kan idon Baba.

Sai aiki ya taso mana a Aubervilliers, kwantena uku a mako ɗaya, ban leƙa Sevran ba har kwana tara. Na roƙi Baba ya riƙa tayar da ita ta yi zafi. Da na dawo na tarar an share garejin, an goge motar tas. Bayan mun gaisa, ya ce da ni, yana kallon wani wuri, "Na ɗan duba maka ita."

A wurinmu, in babba a sana'a ya ce ya ɗan duba maka abu, kyauta ce ya yi maka, kuma ba a buɗe ta a gabansa. Ba ka cewa me ka taɓa. Tambayar nan daidai take da ka ce ba ka yarda da hannunsa ba. Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Bayan ya tafi sallah na buɗe gaban motar na duba ko'ina. Komai yana wurinsa, tiyo huɗu suna nan a jere, ba digon mai ko ɗaya a ƙasa. Na ce wataƙila ƙusoshi ya ƙara ɗaurewa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau ban yafe wa kaina ba. Na ci gaba da rodaj mako uku. Hayaƙin ya ɗauke. Na zaro sanda, mai yana nan inda na bar shi. Bayan kwana biyu na sake zarowa, bai motsa ba. Na san abin da mai garejin ya gaya mini, ni da kaina na maimaita wa mutane shi a wurin aiki ina taƙama. Amma shekara ashirin na yi a gida ina zaro sandar nan, kuma a duk shekarun nan in mai bai sauka ba labari ne mai daɗi. Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji. Na ce a raina injin ya zauna, sassan sun saba. Har matata na gaya wa cewa motar ta fi yadda na zata.

Na kama hanyar Lyon wata Asabar da hantsi, saura 'yan kwanaki ma'aikacin nan ya ajiye aiki. Da na fita daga cunkoson Paris na hau babbar hanya, na taka ta a karon farko yadda ya kamata. Ban taɓa tuƙa abu irin wannan ba. Allurar gudu tana hawa ba ta gajiya, motar kamar ba ta taɓa ƙasa. Na yi wajen awa biyu ina raya yadda zan jera kayan aikina a teburin nan, da irin gidan da za mu nema a Bron kusa da layin tiram, jirgin cikin gari, don makarantar yara.

Bayan nan na fara jin ba daidai ba. A hawa sai in ga tana neman giya ƙasa da wadda ta ci ɗazu. Allurar zafi ta ɗan ɗaga. Na ce iska ce. Da na wuce Mâcon na tsaya a wurin hutun matafiya na yi azahar, na sha fetur. Na dawo na murɗa makulli, inji ya juya da sauri, fayau, babu nauyi, bai kama ba. Duk bakanike ya san wannan juyin: injin ya daina riƙe ƙarfinsa. Na zauna a gefen titin wurin ajiye motoci fiye da awa ɗaya ina jiran ya huce, mutane suna wucewa da 'ya'yansu da karnukansu, wasu har suna ɗaukar motar hoto. Da ya huce ya tashi da ƙyar. Na lallaɓa da ita a layin manyan motoci har Bron, ban sake yarda na kashe ta ba.

Mai garejin ya fito tun kafin in tsaya, don ya ji ta daga nesa, kuma na ga fuskarsa. Ya ɗauko ma'aunin ƙarfin inji, ya cire buji, wato fulogi, ya sa ni na juya injin. Allurar ta ɗan motsa kamar mai jin kunya ta koma. Ya zaro sandar mai ya duba, ya tambaye ni yaushe rabona da ƙarawa. Na ce mako uku. Ya dube ni tsawon lokaci. Sai ya sunkuya ya cire tiyo ɗaya, ya sa a baki ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ya buga bakinsa a tafin hannu, sai ga ɗan ƙwallon boris na keke ya faɗo. Ya cire na biyu, haka. Duk huɗun haka. An tura kowanne ciki daidai wurin da ba za a gani ba, an mayar da tiyon an ɗaure tsaf. Ko a lokacin, cikin wannan hali, sai da na ga kyan aikin.

"Wa ya yi wannan?" in ji shi.

Na dubi ƙwallayen nan huɗu a tafin hannunsa. Da na ce wani tsoho ne ya yi, sai ya tambaye ni me ya sa ban tambayi tsohon abin da ya taɓa ba, kuma ba ni da Faransancin da zan bayyana masa wannan. Ban ma tabbata akwai shi ba. Kuma mako ukun nan da na yi ina murna, ba tsohon ne ya yi mini su ba.

Na ce, "Ni ne."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zuba ƙwallayen a aljihun rigata, ya ce wanda ya yi wannan bai fahimci injin ba tukuna, kuma shi ba shi da shekarun da zai koyar da mutum daga farko. Ya ce in bar motar zai saye ta don kayan jikinta. Na karɓi abin da ya ba ni ban ƙirga ba, na hau tiram zuwa tashar jirgi. A cikin jirgin Paris ban yi kuka ba, ban yi tunani ba, na dai ji na tsufa.

Bayan kamar wata guda ya kira ni a waya. Ya ce ya buɗe injin, bangon ɗakunan duk ya kakkarce, ƙarafan kusurwa sun cinye, amma farantan da na faɗaɗa ba abin da ya same su. Ya ce ya daɗe bai ga aikin hannu mai tsabta haka ba, har ya sa su a motar wani mai kuɗi daga cikin abokan cinikinsa. Na jira sauran maganar. Ya ce ya riga ya ɗauki wani, mai takarda, ya yi mini fatan alheri. Ban sake yanka kwali ba. Kuɗin wata goma sha biyar ana iya sake tarawa, amma ba wanda ke jirana a ko'ina da tebur.

Sai da na yi mako biyu bayan wayar nan kafin na iya zuwa Sevran mayar da makulli. Na tarar da Baba a bakin gareji a kujerarsa, wurin da motar take ya zama fili. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiyar hanya. Na ce masa Bature ya ga motar ya so ta, ya saya, aikin kuma an riga an ba wani. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ci gaba da juya shayi, ina ganin yadda yake ƙoƙarin danne murmushi, irin na wanda ya yi maka alheri a ɓoye yana so ya ji ko ka lura.

"To amma," ya ce, "ta bar shan man ko?"

Na ce, "Ta bari, Baba."

"Ai na sani," in ji shi. Ya miƙo mini kofi, na karɓa da hannu biyu.